'Ya mace a tim ɗin maza: har zuwa shekara nawa?

Abba Gunners: Salamu alaikum jama'ar gida. Jiya a gidan kallo musu ya kaure kan wani labari har wani ya ce ƙarya nake, shi ya sa na kawo shi nan. A Ingila, garin Bournemouth, akwai tim ɗin 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 12 mai suna Queens Park Ladies, suka shiga lig ɗin yara maza a kakar 2023/24, wasa 22 suka buga ba wanda ya doke su, sun ci 18 canjaras 4, suka ɗauke kofi. To tambayata, ya dace yarinya ta buga ƙwallo da maza? In ya dace har zuwa yaushe? Don Allah a yi magana da hankali banda zagi.

Sarkin Musu: Wa'alaikumussalam. Abba ka faɗi rabi ka ɓoye rabi, rukuni na uku ne na lig ɗin garin fa, ba na ɗaya ba. Kuma tunda labari kake so ga nawa, a 2017 tim ɗin mata na Amurka, zakarun duniya a lokacin, yaran FC Dallas 'yan ƙasa da 15 suka ba su 5 da 2. A 2016 ma matan Ostireliya 7 da nema yaran Newcastle Jets suka yi musu. Manya kenan fa masu albashi. Magana ta ƙare.

Abba Gunners: Wasan atisaye ne wannan malam, ba gasa ba

Sarkin Musu: Atisaye ko ba atisaye ba ƙwallon ta shiga raga ko ba ta shiga ba? 😂

Anti Nas: Sarkin Musu ƙanina maganarka gaskiya ce amma ba ta amsa tambayar Abba ba. Kai ka kawo yara 'yan 14 da 15, shi yana maganar 'yan ƙasa da 12, kuma tsakanin nan da can akwai balaga. Kafin balaga bambancin ƙarfi da gudu tsakanin yaro da yarinya kaɗan ne ƙwarai, hasali ma mata sun fi saurin fara girma, shi ya sa in ka shiga aji biyar ko shida na firamare za ka tarar sau da yawa dogayen ajin mata ne. Sai namiji ya kai wajen 13 zuwa 14 sinadarin testosteron ya fara aiki sosai, tsoka ta ƙaru, kafaɗa ta buɗe, ƙashi ya yi kauri, nan ne tazarar take buɗewa, har ta kai a manyan 'yan tsere bambancin maza da mata ya kai kusan kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. To labarin Dallas da na Bournemouth duk gaskiya ne, kowanne da shekarunsa.

Baban Amira: Abba ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ina Ingila da iyali, 'yata shekararta 10 kuma a tim ɗin maza take bugawa ita kaɗai ce mace. Amma fa a lura abu biyu ne daban, wanda ka kawo tim ɗin mata ne zalla suna karawa da maza, namu kuma yarinya ɗaya ce a cikin maza, kuma wallahi na biyun ya fi wuya. Waɗancan suna da juna, in an sha kashi tare za su yi kuka in an ci tare za su yi murna. Tawa da ta fara zuwa ba mai ba ta fas. Tana tsaye a gefen dama ba kowa a kanta tana ɗaga hannu tana kira, yaro zai gwammace ya yanka mutum uku a ƙwace da ya tura mata. In koci ya ce kowa ya kama abokin atisaye ita ce take saura, sai kocin ya tsaya da ita. A mota in muna dawowa shiru take yi. Abin bai canza ba sai da suka ga in aka ba ta ba ta zubarwa, yanzu kam in an matse su ita suke nema.

Yaran ma da sauƙi, iyaye ne matsalar. Akwai igiya da ake jawa a gefen fili iyaye su tsaya a bayanta, ranar nan ta ƙwace ƙwallo a ƙafar wani yaro sai na ji ubansa daga bayan igiyar yana masa tsawa wai mace ce fa ta karɓe maka. Yaron nan daga nan ya daina buga ƙwallo ya koma farautar ƙafarta, har alƙalin wasa ya kira shi ya ja masa kunne. Da ubansa bai yi magana ba shi ko a jikinsa.

Malam Bakin Kasuwa: Baban Amira Allah ya raya ta ya yi mata albarka. Amma ɗan'uwa ka yi haƙuri zan faɗa maka abin da nake gani. Ni ban ce mace kada ta motsa jiki ba, Manzon Allah SAW da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, hadisin sananne ne. Maganata a kan cuɗanya ce. An ce mu umarci yara da salla suna da bakwai, in sun kai goma a raba musu wurin kwanciya, kuma wannan 'yan uwa ne ciki ɗaya fa. To in an raba wa da ƙanwa a shekara goma ina ga bare? Ƙwallo kuma ba tsere ba ce da kowa yake layinsa, wasa ne na gogayya, kafaɗa da kafaɗa, riƙe riga, a faɗi a kan juna, in an ci a rungume juna. Ni a wurina goma ita ce iyaka, kuma taka ta kai.

Baban Amira: Na gode Malam, kuma wlh maganar nan muna yin ta da mahaifiyarta kusan kullum. Abin da muke yi yanzu, da kayanta take fita daga gida da su take dawowa, ba wani ɗakin canza kaya, dogon wando take sawa a ƙarƙashin gajeren da ƙaramin hijabi, kuma ko ni ko uwarta ɗaya yana bakin fili daga farko har a tashi. Murnar ci kuma tafa hannu take yi, yaran ma sun gane. Ban ce wannan ya warware komai ba.

Maman Sadik: Ni tambaya ɗaya gare ni, duk garin ba tim ɗin mata ne? Ingila fa kuke

Baban Amira: Akwai Hajiya, amma na kusa da mu yawancinsu bana suka fara taɓa ƙwallo, ita kuma tun tana rarrafe take bin yayyenta. Mun kai ta ta gwada, ita kaɗai take ta ci har kocin ya mai da ita baya don sauran su samu su taɓa. Mai ƙarfin kuma da nisa, ga aiki.

Bahaushen Hamburg: Abin da Baban Amira ya faɗa shi ne dalilin da ya sa Turawan nan suke barin abin, ba wai son cuɗanya ba ne kawai, lissafi ne na koyon ƙwallo. Yara maza masu bugawa sun ninka mata yawa, to ko'ina akwai tim daidai matakinka, ita kuma yarinya mai hazaƙa in ta tsaya cikin mata na unguwarsu ba mai matsa mata. A nan Jamus ana barin yarinya ta buga da maza har matakin 'yan ƙasa da 17 in iyaye sun sa hannu. Lena Oberdorf da kuke gani a tsakiyar tim ɗin Jamus, da maza ta taso a wani ƙaramin kulob TSG Sprockhövel har ta zama budurwa, shi ya sa in ta shiga takil ba ta ja da baya. Holan ma tun 1986 suka halatta, Miedema da Lieke Martens duk ta nan suka bi. Abin da ake cewa suna samu shi ne saurin yanke shawara, cikin maza ba a ba ka lokacin tsayar da ƙwallo ka duba ka yi tunani, kafin ta iso dole ka san inda za ka kai ta.

Abba Gunners: Ingila ma ai da shekara 11 ne iyaka, suka yi ta ɗagawa kaɗan-kaɗan har a 2015 suka kai shi 'yan ƙasa da 18. Lucy Bronze tsohuwar dokar ce ta fitar da ita daga tim ɗin maza na Alnwick tana yarinya, dole aka riƙa kai ta gari mai nisa don ta samu na mata. Rachel Yankey ta Arsenal ɗinmu kuwa aske gashinta ta yi tana 'yar takwas ta ce sunanta Ray don a bar ta ta buga 😅

Sarkin Musu: Dama sai ka sako Arsenal ko maganar kunu ake

Koci Tudun Wada: Kun yi ta Jamus da Holan, ku dawo gida mana. Ni yara nake koyarwa a filin makarantar firamare a Kaduna, da yamma bayan la'asar. Ku bari in faɗa muku abin da yake ƙasa.

Na farko, a lungu ai dama tare suke bugawa. Je ka kowace unguwa za ka ga an kafa dutse biyu an yi raga, yara ƙanana suna ta gudu ba takalmi, a ciki ba ka rasa yarinya ɗaya da ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana bin yayanta, ba wanda yake cewa komai don ana ganin wasan yara ne. Matsalar tana farawa ranar da aka ce jesi da but da koci da suna a takarda.

Akwai wata da take rako yayanta tirenin, tana zama a kan bulo tana tsinto mana ƙwallo in ta fita. Wata rana ba mu cika ba na ce shigo ki cike. Jama'a ƙafar hagu ce da ita da ban taɓa gani a yaro mai shekarunta ba, in ta ɗago kwana sai ka ce da hannu ta ajiye. Na je gidansu na gaida mahaifinta ya ce ba komai tunda da yayanta. Da muka shiga wata gasar unguwanni masu shiryawa suka ce ba za ta buga ba, na ce ku nuna min inda aka rubuta, suka ce ba a rubuta ba amma ba a yi. Tana zaune a benci da jesinta har aka tashi. Bayan nan kuma surutu ya fara a layinsu, mata-maza, wa zai aure ta, uwar ta gaji ta hana ta. Yanzu in na wuce ƙofar gidansu gaishe ni take ta shige.

Na biyu, kuma wannan shi ne abin da ku na waje ba ku sa a lissafi ba, su can 'yan ƙasa da 13 ɗinsu 'yan ƙasa da 13 ne da gaske, akwai takardar haihuwa. Mu nan za a kawo maka ƙato da gemu ya fara tsirowa an aske da safe a ce 12 yake. Ni yarana maza ma tsoron sa su nake a irin wannan wasa balle mace. Don haka ko an ce an yarda har 12, sha biyun wa?

Anti Nas: Koci wannan ta biyun ita ce magana. Ko cikin maza zalla ma yaro biyu masu shekara 13 na gaskiya ɗaya zai iya fin ɗaya da kai guda, don ba tare suke balaga ba. In aka ƙara da cin shekaru kuma sai Allah.

Ɗan Maraɗi: Wallahi Koci nan wajenmu ma haka abin yake. Ɗiya mace tana ƙarama ba mai hana ta, da ta ɗan tasa shikenan an ce ta zamna gida. Kuma ba wai an ce ta koma cikin mata ta buga ba, babu na matan ne sam. Ni abin da ban gane ba, masu cewa a raba, to a raba ta tahi ina?

Malam Bakin Kasuwa: Ɗan Maraɗi rashin abu mai kyau ba ya halatta wanda bai dace ba. In babu tim ɗin mata sai a kafa. Kuma in ba a kafa ba ƙwallo ba farilla ba ce, ba wadda za a tambaya ranar lahira me ya sa ba ki buga lamba tara ba.

Ɗan Maraɗi: Gaskiya ne Malam, amma su ma mazan ba za a tambaye su ba kuma mun ba su hili

Malama PHE: Malam da girmamawa, "sai a kafa" ɗin nan shekara nawa muna jin ta? Ina koyar da motsa jiki a makarantar 'yan mata, lokacin gasar gidaje za ka ga yara suna gudu kamar me, akwai masu tsalle akwai masu jifa, da an gama an raba kofi shikenan sai baɗi. Ƙwallon ƙafa kuwa ko ɗaya ba mu da ita a sito. Na taɓa kawo maganar a taron iyaye, waɗanda suka fi kowa cewa kada a haɗa su da maza su ne dai suka ce na matan ma ba sa so. To ka ga ashe ba haɗawar ce damuwar wasu ba, ƙwallon ce gaba ɗaya. Ni na fi girmama wanda zai fito ya ce min haka kai tsaye.

Ku duba lig ɗin mata na Najeriya, kulob nawa ne daga Arewa? Nasarawa Amazons a Lafiya, Adamawa Queens a Yola, sai na Abuja. Ƙarfin duk yana Ribas da Bayelsa da Edo da Delta da Legas. Amma da Super Falcons suka doke Maroko 3 da 2 a Rabat a Yulin 2025 suka ɗauki kofin Afirka na goma, bayan an fara cin su biyu, har da mu a murna, kowa ya sa a status.

Malam Bakin Kasuwa: Malama ni ba na cikin waɗancan. In fili ne killatacce, mata zalla, mai koyarwa mace, sutura ta rufe, jikata ma zan kawo. Ki riƙe wannan.

Malama PHE: Na riƙe Malam, kuma na yi sikirinshot 😄

Abba Gunners: Tunda an zo kan Falcons, Asisat Oshoala ai da maza ta fara a titunan Ikorodu, musulma ce, iyayenta ba sa so sam a farko. A 2014 a Kanada ita ta ɗauki kyautar gwarzuwa da ta yawan ci a kofin duniya na 'yan ƙasa da 20, daga baya gwarzuwar Afirka har sau shida, ga kofin zakarun Turai da Barcelona. Marta ta Barazil ma haka, cikin maza a ƙauyensu, a ƙasar da doka ta hana mata ƙwallo daga 1941 har 1979. Da wuya ka samu babbar 'yar wasa da ba ta bi ta cikin maza ba.

Sarkin Musu: Oshoalar da ta cire riga da ta ci Ostireliya a 2023? Ita da kanta ta rubuta cewa babanta bai ji daɗi ba. Ka ga abin da Malam yake gudu kenan

Abba Gunners: A wannan gasar dai Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga da hijabinta, ita ce ta farko a kofin duniya na manya. Tun 2014 aka halatta hijabi a fili. Kowa da zaɓinsa, me ya sa waccan kaɗai ka gani?

Ɗan Zangon Kumasi: Mu ma a Gana muna da Mukarama Abdulai 'yar Tamale, a 2018 a Yurugwai ita ta ɗauki kyautar yawan ci a kofin duniya na 'yan ƙasa da 17, ƙwallo 7. Amma abin da nake so ku lura, ita ta samu Northern Ladies a garinsu. Wato akwai inda ta je da ta girma. Yarinyar da Koci ya ba da labari da a ce akwai irin wannan kusa da ita da ba a kai ga hana ta ba, sai dai a ce ta koma can.

Maman Sadik: Ni fa duk maganar Oshoala da Marta ba ta dame ni ba, cikin yara dubu nawa ne ɗaya za ta zama su? Ni uwa ce, abin da yake hana ni barci daban ne. Yaro ɗan shekara 10 da yake bin ƙwallo da majina a hanci ba shi nake tsoro ba, babban da yake riƙe da usur nake tsoro, wanda zai ce ki tsaya bayan an tashi in nuna miki wani abu, ko ya ce kawo lambarki in riƙa sanar da ke lokacin wasa, ko a tafi wasa wani gari a kwana. Koci ba da kai nake ba don Allah.

Koci Tudun Wada: Ko kusa Hajiya, gaskiya kika faɗa. Shi ya sa ban taɓa yarda yarinyar da na ba ku labari ta zo ba tare da yayanta ba, kuma ana tashi su biyu nake fara sallama.

Bahaushen Hamburg: Kuma Maman Sadik wannan haɗarin raba tim ba ya maganinsa. Shugaban hukumar ƙwallon Afganistan da FIFA ta kora har abada a 2019, tim ɗin mata zalla ya ci zarafi. A Amurka rahoton da ya fito a 2022 kan lig ɗin matansu ya tona kociyoyi da dama. A Ingila kuma koci Barry Bennell yara maza ya yi ta lalatawa shekara da shekaru. Don haka ko 'ya ko ɗa, tambayar ita ce wa yake tare da su kuma wa yake kallonsa.

Baban Amira: Nan kowane kulob na yara dole ya zama da jami'in kula da lafiyar yara da za ka kai wa ƙara, kuma ana binciken tarihin koci kafin a ba shi yara. Kocinmu ba ya tura wa yaro saƙo, guruf ɗin iyaye yake turawa. Wannan kam ko a gida za a iya kwaikwaya ba sai da kuɗi ba.

Sarkin Musu: To rauni fa? Ba ku ga yadda matan nan suke ta tsinka jijiyar gwiwa ba? Abba faɗa musu, Mead da Miedema da Williamson na Arsenal duk a kaka ɗaya

Abba Gunners: Kada ka tuna min wannan kakar don Allah 😭

Anti Nas: Eh mata sun fi maza yawan samun tsinkewar jijiyar gwiwa da ake kira ACL, ninki biyu ko fiye, wannan sananne ne. Amma ka san yadda take tsinkewa? Yawanci ba wanda ya taɓa mutum, juyawa ce da sauri ko dirowa daga tsalle ƙafa ta kafe gwiwa ta karkace ciki. Waɗanda ka lissafa duk a wasan mata suka ji. Maganinsa atisayen ƙarfafa cinya da koyon yadda ake dirowa, FIFA ma tana da tsarin ɗumama jiki na kusan minti 20 da ake kira 11+ don haka. Inda nake jin tsoron haɗawa shi ne karo, yarinya 'yar 14 da saurayi ɗan 15 su tashi sama kan ƙwallo ɗaya kai ya haɗu da kai, ko gola ta fito ya zo da gudu. Ni a ganina daga 12 zuwa 13 a fara shirin raba su, sai dai in yarinyar ta daban ce kuma ana sa ido.

Malam Bakin Kasuwa: To kin ga ni da ke shekara biyu ce tsakaninmu Anti. Ke kin duba ƙashi ni na duba tarbiyya.

Anti Nas: Shekara biyun nan fa ba kaɗan ba ce Malam, a nan ne ƙafa take koyon ƙwallo. Kuma ni na ce a raba ne in akwai inda za ta koma.

Malam Bakin Kasuwa: Ni kuma ko akwai ko babu. A nan muka rabu.

Baban Amira: Akwai wani abu da ba a taɓo ba, ita yarinyar me take so. Tawa bara ba ta son jin maganar tim ɗin mata, bana kuma da kanta ta fara cewa yaran in sun taru hirarsu daban, in an yi bikin zagayowar haihuwa wani lokaci ba a gayyatarta, ba don ƙiyayya ba mantawa suke. Ƙwallon tana jin daɗinta amma ba ta da ƙawa a wurin. Kaka mai zuwa za su koma tara-tara a fili mai girma, muna tunanin ta riƙa tirenin da mazan ranar mako wasa kuma ta buga da mata, in kulob biyun sun yarda.

Bahaushen Hamburg: Nan ma da yawa haka suke yi, akwai ma izinin buga wa kulob biyu saboda irin wannan. A wasu wuraren kuma ana barin yarinya ta sauko shekara ɗaya ta buga da mazan da ta girma, don jiki ya zo daidai.

Sarkin Musu: A sauko da shekara a hukumance? Mu da muka daɗe muna yi ba izini ashe mun riga su 😂😂

Admin: Sarkin Musu ya isa haka. An ce banda cin mutunci.

Malama PHE: Koci ni da gaske nake, in na samu yara ko goma sha biyu ne 'yan firamare da iyayensu suka yarda, me ake buƙata a fara? Ni gudu da tsalle na sani, dokar ofsaid ma sai a hankali.

Koci Tudun Wada: Ba kya buƙatar ofsaid yanzu Malama, biyar-biyar za su fara a ƙaramin fili, kowa ta taɓa ƙwallo da yawa shi ne kawai. Ƙwallo lamba 4 za ki nema, lamba 5 ta yi musu nauyi, zan ba ki aron biyu da kon (robobin alama da ake jerawa a fili) da bib (rigar bambance tim) in kina Kaduna. Kambas ɗin makaranta ya isa ba sai but ba. Ranar Asabar da sassafe ya fi kafin manya su cika fili, amma ki duba kada ya ci karo da Islamiyya don nan ne iyaye za su fara samun hujja. Zan iya zuwa in nuna miki atisayen farko amma ke za ki riƙe usur, kuma sai da wata uwa a bakin fili, ni ba zan tsaya ni kaɗai ba.

Malama PHE: Zariya nake amma ina shigowa, zan maka magana ta inbos. Malam Bakin Kasuwa jikar taka shekararta nawa?

Malam Bakin Kasuwa: Takwas. Filin yana da katanga?

Malama PHE: Gefe uku akwai, na huɗun ya zube tun damina